Abokiyar Gogayyata Ba Ta Instagram

Lokacin da na ajiye aikin ofis na fara shirya teburin kayan zaƙi na bukukuwa a Kano, na zaci na san abokan gogayyata. Sana'ata ita ce daidaita kek da sauran kayan maƙulashe da launin ankon biki. Sai na jera masu irin sana'ar a Instagram, na rubuta farashinsu da kafin alƙalamin da suke karɓa. Na rage nawa kaɗan, na zauna jiran ciniki.

Wata uku shiru, jari yana ta zurarewa. Na kira wata uwar amarya da ta fasa ba ni aiki, na roƙi ta faɗa mini wadda ta kayar da ni. Ta ce, "'Yata, mai alkaki da nakiya da dubulan muka kai wa kuɗin. Teburinki a dare ɗaya baƙi za su cinye shi, gara kuwa da ita dangin ango za su auna mu."

Ranar na fahimci cewa ba lallai abokin gogayya ya yi kama da kai ba. Shi ne duk wanda ke ɗauke kuɗin da kake hange. Na nemo dattijuwar a cikin gari muka ƙulla yarjejeniya: ita da haɗawa, ni da tsarawa. Yanzu tambayata ta farko ga mai biki ita ce: "Hajiya, in ba ni ba, wa za ki ba?"