Tekun Aktik: inda ake ɗaure jirgi a jikin ƙanƙara a bar ta ta ja shi

Duk wanda ya taɓa juya ƙwallon taswirar duniya a ajin jogirafi zai lura an shafa farin fenti a samansa da ƙasansa. Fararen nan biyu ba iri ɗaya ba ne. Na ƙasa, wato Antaktika, nahiya ce mai duwatsu da ƙanƙara ta binne. Na sama kuwa teku ne, Tekun Aktik, wanda Rasha da Norwe da Girinlan da Kanada da jihar Alaska ta Amurka suka yi wa ƙawanya. Mutumin da ya tsaya a ƙuryar arewacin duniya yana tsaye ne a kan ɓawon ƙanƙarar da kaurinta bai cika wuce mita biyu zuwa uku ba, a ƙarƙashinta kuma akwai ruwa mai zurfin sama da mita 4,000. Ɓawon nan ba ya zama wuri ɗaya. Iska da igiyar ruwa na tura shi dare da rana, ta yadda idan ka kafa tuta a wurin yau, gobe sai ka tarar ta yi gaba.

Ruwan da muke sa wa a firij yana daskarewa a digiri sifili. Na teku, saboda gishirin da ke cikinsa, sai sanyi ya kai wajen digiri 1.8 ƙasa da sifili. Yayin da yake daskarewa yana tsiyayar da gishirin a hankali, shi ya sa ƙanƙarar da ta shekara biyu ko uku ake iya narkar da ita a sha. Kowace shekara ƙanƙarar na faɗaɗa a lokacin hunturu har ta kai kusan murabba'in kilomita miliyan 15 a watan Maris, kimanin faɗin Najeriya sau goma sha shida ke nan, sannan ta riƙa janyewa har zuwa Satumba. Rana ma ba ta bin tsarin da muka sani. A daidai ƙuryar, sau ɗaya take fitowa a shekara, a watan Maris, ta yi ta kewaya sararin sama har Satumba, ta faɗi, sai dare na wata shida.

To, yaya ake binciken wurin da ke murƙushe jirage kamar gwangwanin madara? Wani ɗan Norwe mai suna Fridtjof Nansen ne ya fara samo dabarar, kuma daga tarkacen wani jirgi ya samo ta. A 1881 ƙanƙara ta matse jirgin Amurka mai suna Jeannette a arewacin Saberiya har ya nitse. Bayan shekara uku aka tsinci wasu kayan jirgin a gaɓar kudu maso yammacin Girinlan, can ɗaya gefen tekun. Nansen ya ce ashe ƙanƙarar tafiya take yi daga Saberiya ta ratsa ta kusa da ƙurya. Tunda haka ne, me zai hana mutum ya shigar da jirgi cikinta da gangan, ta ɗauke shi kamar yadda kogi ke ɗaukar kara? Manyan masana tafiyar teku na lokacin da dama sun ɗauki maganar a matsayin ganganci.

Sai ya sa wani maƙerin jirage, Colin Archer, ya ƙera masa jirgin katako mai gindi kamar akushi, aka raɗa masa suna Fram, ma'ana “gaba”. Hikimar ita ce idan ƙanƙara ta matso ta kowane gefe, ba za ta sami inda za ta kama ba, sai jirgin ya suɓuce ya yi sama, kamar jiƙaƙƙen sabulu a tafin hannu. Mutum goma sha uku suka tashi a watan Yunin 1893, a Satumba ƙanƙara ta kama su a arewacin Saberiya, ba ta sake su ba sai Agustan 1896, kusa da tsibiran Sibalbad. A tsawon wannan zama suna zura igiya suna auna zurfi, suka gano tekun da ake zaton marar zurfi ne ya haura mita 3,000.

Shi Nansen haƙurinsa bai kai ba. Da ya ga jirgin ba zai bi ta kan ƙuryar ba, a Maris 1895 ya sauka tare da Hjalmar Johansen da karnuka masu jan kaya, suka nausa arewa a ƙafa. Sun kai digiri 86 da minti 14, inda babu wanda ya taɓa kaiwa kafin su, sannan suka juyo, suka ci hunturu guda cur a wata bukkar duwatsu suna cin naman farin beyar. Littattafai sun fi zuzuta wannan jarumta. Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne kyaftin Otto Sverdrup, da ya zauna cikin jirgin tare da sauran mutanen suna ci gaba da awo kullum har tafiyar ta ƙare. Duka mutum goma sha ukun sun koma gida da ransu.

Bayan shekara 126 aka maimaita tafiyar da kayan zamani. Ranar 20 ga Satumban 2019 jirgin Jamus mai fasa ƙanƙara, Polarstern, mai tsawon mita 118, ya tashi daga garin Toromso na Norwe. Cibiyar Alfred Wegener ce ta shirya tafiyar, aka kira ta MOSAiC, Farfesa Markus Rex ya jagoranta, ɗaruruwan masana daga ƙasashe 20 suka riƙa karɓa-karɓa. Matsalar farko da suka ci karo da ita ita kanta labari ce: neman falalen ƙanƙara mai kaurin da zai ɗauki sansani. Yawancin waɗanda suka duba sirara ne, sun ruɓe daga ƙasa. Sai ranar 4 ga Oktoba suka dace da wani mai tsawon kilomita uku da rabi da faɗin biyu da rabi, a wajen digiri 85 arewa. Suka ɗaure jirgin a jikinsa, suka daina tuƙi.

Kwanaki kaɗan bayan haka rana ta faɗi, ba ta sake leƙowa ba sai bayan kusan wata biyar. A cikin wannan duhu suka gina ɗan ƙauye a kan ƙanƙara, da hanyoyi da wayoyin lantarki da aka ja daga jirgin. Wani ɓangare na masu nazarin iska ne, suna sakin balan-balan ɗauke da na'ura zuwa sama sau huɗu a rana. Wani na masu nazarin ruwa, sun huda rami suna zura na'urar auna ɗumi da gishiri. Akwai masu haƙo ƙanƙara da wani bututu, su fito da ita doguwa kamar rake, su yanka ta gunduwa-gunduwa don gwaji. Akwai masu tura ɗan mutum-mutumi ƙarƙashin ƙanƙarar ya ɗauko hoton abin da ke rayuwa a can, domin wurin ba kufai ba ne. Gansakuka na tsirowa a jikin ƙanƙarar daga ƙasa, ƙananan halittun ruwa su ci ta, kifi ya ci su, wata dabbar ruwa mai kitse da ake kira sil ta ci kifin, farin beyar kuma ya yi kwanto a bakin ramin da sil ke leƙowa shan iska. Idan ƙanƙarar ta tafi, duk wannan jerin ya rasa madogara.

Sanyi ya taɓa kaiwa digiri 42 ƙasa da sifili. Mu da muke ƙudundunewa cikin bargo idan hunturu ya sauko da awo zuwa digiri 12 a Kano ko Jos, sai mu ƙiyasta. A irin wannan yanayi fatar da aka bari a buɗe tana iya lalacewa cikin 'yan mintuna, batir kuma ya mutu nan da nan. Ba mai fita aiki sai da mai gadi riƙe da bindiga yana dube-duben beyar, kodayake abin da aka fi yi shi ne a harba wuta mai haske da ƙara a kore shi, ko kowa ya koma jirgi ya jira ya wuce. Ita ma ƙasar da suke takawa ba abar yarda ba ce. Sai a wayi gari falalen ya tsage, ruwa ya ratsa tsakiyar sansani, waya ta tsinke, tantin da ke kusa jiya ya koma tsallake. Wani lokaci kuma ɓangarori biyu su yi karo, su tara tudun ƙanƙara a kan kayan aiki.

Ana cikin haka sai annobar korona ta rufe filayen jiragen sama, shirin sauya ma'aikata ta jirgin sama ya rushe. Waɗanda ke can suka ƙara watanni a kan wa'adinsu, daga ƙarshe a watan Mayun 2020 dole Polarstern ya bar falalensa ya je Sibalbad ya karɓo sabbin mutane, ya dawo ya sake ɗaurewa. Abin dariya, a lokacin da duniya ke kulle, da wuya a sami wurin da ya fi tsakiyar wannan ƙanƙara aminci daga cutar.

A ƙarshen Yulin 2020 falalen ya iso mashigin da ke tsakanin Girinlan da Sibalbad, wanda ake kira da sunan jirgin Nansen, ya farfashe ya narke. Tafiyar da ta ci wa Fram shekara uku ta ɗauki Polarstern wata goma. Gaskiya ne shi ya faro daga can arewa fiye da Fram, amma masana sun tabbatar ƙanƙarar yanzu ta fi sirantaka, don haka iska ta fi saurin tura ta. Daga nan jirgin ya kunna inji ya nufi ƙurya, ya isa ranar 19 ga Agusta cikin 'yan kwanaki, ta hanyar da a da ake shakkar bi saboda kaurin ƙanƙararta. Ya koma tashar Bremerhaven a Jamus ranar 12 ga Oktoba, bayan kwana 389.

Abin da suka gani da ido ya yi daidai da abin da taurarin ɗan Adam ke aunawa tun 1979. A shekarun 1980 ƙanƙarar da ke saura a watan Satumba takan kai wajen murabba'in kilomita miliyan 7. A 2012 ta sauko zuwa miliyan 3.4, a 2020 kuma ba ta kai miliyan 4 ba. Dalilin saurin abin kowa ya san shi daga tufafinsa: farar riga ta fi baƙa sanyi a rana. Farar ƙanƙara mai dusa a kanta tana mayar da mafi yawan hasken rana sama, baƙin ruwan teku kuwa shanye shi yake yi. Ƙanƙara ta narke, ruwa ya bayyana ya sha zafi, zafin ya ƙara narkar da wata. Wannan na cikin dalilan da suka sa yankin ke ɗumama kusan ninki huɗu na saurin da duniya baki ɗaya ke yi.

A nan akwai wani kuskure da nake yawan ji a muhawarar makarantu, cewa narkewar wannan ƙanƙara ce za ta sa teku ya cinye Legas. Jefa ƙanƙara cikin kofin zoɓo, ka yi alama a inda ruwan ya tsaya, ka jira ta narke. Ruwan ba zai wuce alamar ba, domin abin da ke yawo a kan ruwa ya riga ya ɗauki wurinsa. Wadda ke ƙara wa teku tsawo ita ce ƙanƙarar da ke zaune a kan tudu, irin ta Girinlan, wadda idan ta narke duka za ta ɗaga teku da kimanin mita bakwai. Sai dai su biyun maƙwabta ne, ɗumin da ke cin ɗaya shi ke cin ɗayar, kuma garuruwan gaɓa kamar Legas da Fatakwal na cikin masu biyan kuɗin.

Bayanan da masanan Polarstern suka tattaro, tun daga farkon 2023 an buɗe su a intanet ga duk mai son yin nazari, ko daga wace jami'a yake. Mai son ya iya karanta su wata rana, lissafi da fiziks da jogirafin da ake koya masa yanzu ne tsaninsa. A Legas ma akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta binciken teku. Shi kuwa Fram yana nan har yau a wani gidan tarihi a birnin Oslo, an gina rufi a kansa, maziyarta na shiga ciki suna leƙa 'yan ɗakunan da mutanen nan suka kwana shekara uku.