Maƙwabciyar Ƙanwata a Ƙasar Ailan

Wannan watan labarin wata tafiya na zo maku da shi, wadda ban taɓa zaton ƙafata za ta yi ba.

A dogon hutun 2023 ƙanwata ta haihu a ƙasar Ailan, inda mijinta ke aikin likita a yankin Mayo, can yammacin ƙasar. Inna tana Kebbe, ga ciwon ƙafa, don haka aka ce ni zan je in kula da mai jego. Da na je yi mata sallama sai ta riƙe hannuna ta ce, “Ki riƙe hijabinki da sallarki, ki kuma kama kanki.” Ni ma da wannan tsoron na tashi daga Tambuwal. Na riga na saka a raina cewa duk Baturen da ya ga hijabina harara ce za ta biyo baya.

Yanayin ƙasar ne ya fara rikita ni. A farkon watan Agusta sai bayan ƙarfe tara na dare ake Magariba, ga yayyafi ba dare ba rana. Sai kuma gaisuwa. A ƙananan hanyoyin ƙauye direba zai ɗaga maki yatsa ɗaya daga kan sitiyari ko bai san ki ba. Na tambayi ƙanwata ko laifi na yi, ta yi dariya ta ce, “Yaya, sannu ce yake yi maki.”

Kwana uku da zuwana aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwa ce, maƙwabciyarsu, ta haura saba'in, ɗauke da burodin da ta gasa da hannunta. Kafin in buɗe baki ta ce babu man alade a ciki, fulawa ce da madara da gishiri da soda, ta riga ta tambaya tun haihuwar fari. Na ce ta zauna a kawo shayi, ta ce a'a. Na ƙyale ta. Bayan ta fita ƙanwata ta ce na yi kuskure, su ma sai an yi ta nacin tayi sau biyu sau uku kafin su karɓa. Ashe alkunya ba tamu ce kaɗai ba! Wace ce a cikinmu ba ta taɓa cewa “na ƙoshi” ba alhali cikinta na kuka?

Daga nan muka saba. Turancina na kwalejin horon malamai ne, nata kuma da sauri kamar ana kora ta, amma muka riƙa fahimtar juna. Da ta ji daga Arewacin Nijeriya nake sai ta ce gwaggonta tana cikin matan cocin da suka koyar a Kano, 'yan ƙungiyar St. Louis da suka iso birnin a 1948. Ta san sunan Kano tun tana yarinya, daga wasiƙu. Ita ce kuma ta ce wa surukina lalle ya kai ni Ballyhaunis, wani ƙaramin gari a yankin nasu, inda aka gina masallaci tun shekarun 1980 saboda Musulmin da ke aiki a kamfanin yankan halal. Kirista ce mai zuwa coci duk Lahadi, amma ita ta damu in ga masallaci.

Wata rana na tambaye ta me ya sa take wahalar da kanta a kan baƙi. Sai ta ba ni labarin yunwar da ta auka masu daga 1845, lokacin da cuta ta kama dankalin da talakawa suka dogara da shi. Mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu kimanin miliyan ɗaya suka tsallaka teku zuwa Amurka da Ingila da sauran wurare, kuma Mayo na cikin yankunan da abin ya fi yi wa ɓarna. Ta ce babu gidan da ba shi da wani nasa a baƙunta. Ni kuma na gaya mata abin da na karanta, cewa Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya aika masu da gudummawar fam 1,000 a 1847. Ta ce ta sani.

Ba zan yi maku ƙarya in ce kowa haka yake ba. A wata tashar bas wani saurayi ya daka mani tsawa wai in koma ƙasarmu, har jikina ya ɗauki rawa. Bayan na dawo gida, a watan Nuwamban shekarar, aka yi tarzoma a Dublin wadda masu ƙin baƙi suka rura, har aka ƙona motocin bas. Na kwana ina kiran ƙanwata. Ta ce tsohuwar nan tun da safe ta leƙo ta ji ko lafiya.

Abin da ya tsaya mani a rai kuwa a Tambuwal na same shi. Akwai wata yarinya mai bautar ƙasa, Kirista daga Kudu, da ta kama ɗaki a bayan gidanmu. Wata bakwai tana wucewa ta ƙofarmu, ban taɓa aika mata ko da kunu ba. Na sha jin yaran unguwa, har da ɗalibaina, suna jifanta da sunan da bai dace ba, ban tsawata masu yadda ya kamata ba. Ni ce kuwa nake karantar da su hadisin girmama baƙo da haƙƙin maƙwabci, da ayar Suratul Mumtahana da ta halatta kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba. Inna da ba ta yi kwaleji ba, har gobe ba ta kwashe tuwon dare ba tare da ta ware kwanon baƙo ba.

Ranar Juma'a na zuba tuwon shinkafa da miyar taushe na kai mata da kaina. Ta buɗe ƙofa ta yi turus, ta ce, “Malama, lafiya?” Na ce, “Lafiya lau ƙanwata, abinci ne.” Ta ce ta gode, ta ƙoshi. Na sake yi mata tayi, ta sake cewa ta ƙoshi. A na uku ta miƙo hannu biyu ta karɓa.