Duwatsun Riruwai

Da yawa a makarantar nan sun ɗauka Kano fili ce fetal, in ka cire Dala da Goron Dutse. A hutun da ya wuce mu huɗu muka bi hanyar Jos, muka ratsa dajin Falgore (direba ya ƙi tsayawa ko shan ruwa), sai Riruwai a Doguwa.

Duwatsu ne jibga-jibga, wani ɗare kan wani kamar da hannu aka ɗora. Hawan ya ci mana gwiwa, wallahi. Daga sama muka hango ramukan da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa, cike da ruwa. Yaron da ya raka mu ya ce kar wanda ya kuskura ya shiga, sun ci mutane. A bakin ɗaya daga ciki babansa ke wankin kuza har yau.