Ciwon dajin ƙoda: Abin da ke ɗakin bincike da abin da ke hannunmu

Mai karatu, ka san yadda rubutun ajami yake: baƙaƙe suna nan yadda suke, amma da zarar an sauya wasali, karatu ya sauya. Kusan haka masana suka gano yana faruwa a cikin ƙwayoyin jikinmu, kuma yana da hannu a ciwon dajin ƙoda.

Kowace ƙwayar jiki tana ajiye da umarnin aikinta a cikin DNA. Idan aiki ya taso, sai a kwafi saƙon a kan RNA, shi kuma ya kai inda ake ƙera furotin. A kan RNA ɗin ne jiki ke ɗiga wasu 'yan alamomin sinadari, waɗanda suka haura iri 150. Wadda ta fi yawa a kan saƙon ita ce m6A, da aka gano a 1974. Tana cikin masu yanke ko saƙo ya daɗe ko a rusa shi da wuri. Wasu furotin, irin su METTL3 da METTL14, su ke sa ta. A 2011 kuma masu bincike a Jami'ar Shikago ta Amurka suka nuna cewa wani mai suna FTO yana goge ta.

To, ina ƙoda ta shigo? Dajin ƙodar da ya fi yawa a manya yakan fara ne da lalacewar ƙwayar gado mai suna VHL. Daga nan sai ƙwayar jiki ta ɗauka iskar oksijin ta yi mata ƙaranci, ta yi ta jawo sabbin jijiyoyin jini suna ciyar da ƙari. Bincike ya nuna METTL14 kan ragu a irin wannan ƙari, kuma raguwar tana tafiya tare da bazuwar cutar. A ɗakin gwaji, toshe FTO ya rage girman ƙwayoyin da suka rasa VHL.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, wannan labari yana faranta mini rai. Sai dai har yanzu babu maganin dajin ƙoda a kan kanta da ke aiki ta wannan hanya. A 2022 ne ma aka fara gwada mai toshe METTL3 a jikin mutane. Don haka duk mai tallata maka garin "gyaran ƙwayoyin halitta" a WhatsApp, kuɗinka yake so.

Abin da ya fi damuna shi ne magidancin da zai tsaya gabana ya ce, "A ba ni maganin tsargiya, ina fitsarin jini." Tsargiya gaskiya ce, musamman ga yaran da ke wanka a rafi. Amma ɗan shekara 50 mazaunin birni fa, wanda ya manta rabonsa da rafi? Jinin dajin ƙoda kan zo ba zafi, ya ɗauke da kansa, sai a ce magani ya yi aiki, alhali ƙari na girma shiru. In kuwa aka gano shi bai fita daga ƙoda ba, tiyata kan warkar da shi, kuma mutum na iya rayuwa da ƙoda ɗaya.

Saboda haka fitsarin jini, ko sau ɗaya ne, ko ciwon kwiɓi da ya ƙi tafiya, ko rama ba dalili, duk na asibiti ne, a gwada fitsari a ɗauki hoton ciki. Shan taba, ƙiba da hawan jini suna ƙara haɗarin. Uwargida, in maigida ya ce ai ya wuce, ki lallashe shi ku je tare.