Ƴar azurfar Hungari a gwangwanina

Ina da wani gwangwanin madara da nake tara tsofaffin kuɗi a ciki tun ina makarantar horon malamai. Uwargida takan ce kayan shara ne. A ciki akwai wata ƴar azurfa da wani abokin karatu ya kawo mini tsaraba daga Turai. Ba ta kai girman dala ba, nauyinta kuwa wajen rabin giram ne. Dinar ce ta ƙasar Hungari, ta zamanin Sarki Matiyas, wanda ya yi sarauta daga 1458 zuwa 1490. A fuska ɗaya akwai tambarin sarauta, a ɗayar kuma siffar Nana Maryamu riƙe da jinjiri.

Wata rana na kai ta aji, ta bi hannun yara ɗaya bayan ɗaya. Sai wata yarinya ta ce, "Mushe, wa ya ce wannan kuɗi ne?" Na ce sarki ne. Ta ce, "To, in ya canza magana fa?"

Ai kuwa sarakunan Hungari na farko sun sha canzawa. Kusan kowace shekara sai a buga sabon kuɗi, a tilasta wa mutane su kai tsofaffi a musanya masu, a zabtare wani kashi ya shiga baitulmali. Haraji ne a fakaice. Har a dokar 1222 an rubuta cewa kuɗi zai yi aiki shekara guda cur kafin a sauya shi. Sai a 1336 Sarki Karoli na ɗaya ya soke wannan musanya, ya aza haraji na fili a madadinta.

Ina cikin bayanin sai na tuna Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Ina yaro, amma ban manta fuskar mahaifina ba ranar da ya dawo daga kasuwa. Kuɗin nan dai ne a aljihunsa, sai dai ba su ƙara sayen abin da suke saye jiya ba.

Na shekara ina sa yara haddace sunayen sarakuna, ba wanda ya taɓa yi mini tambaya irin wannan. Iyaye, in akwai tsohuwar tamma ko liyari a kwallar kaka, kada ku yi gaggawar kai wa maƙeri ya narke. Ku fara ɗora ta a tafin hannun yaro, ku saurari abin da zai tambaya.