Ɗanyen Katako

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, yau zan ba ku labarin wata kantar littattafai da na haɗa da hannuna, da abin da ya biyo baya.

Mahaifinmu, Allah Ya gafarta masa, ya rasu a shekarar 2021, ya bar littattafan fiƙihu da hadisi cike da kwalaye huɗu. Da yawansu akwai rubutunsa na ajami a gefen shafi, inda yake fassara kalmar da ta yi masa tsauri a lokacin da yake ɗaukar karatu. Shekara biyu suna jibge a ƙasa, har ranar da na ɗaga kwali ɗaya na tarar gara ta fara gini a ƙarƙashinsa. Nan take na ƙudurta yi musu kanta, kuma na ce ba wanda zai yi ta sai ni, domin ina ganin wannan ma wani yanki ne na biyayyar da ta rage mini.

Ni ba kafinta ba ne. A Kantin Kwari nake kasuwanci, sai dai kullum idan na biyo Titin Ibrahim Taiwo zan koma gida nakan ratsa ta wani lungu a Fagge, in ɗan tsaya ina kallon wani dattijon kafinta yana aiki. Da wannan kallo, da bidiyon intanet, na ɗauka na iya. Na sayi zarto da guduma da ƙusoshi da gam a Kasuwar Sabon Gari, na je 'yan katako na Na'ibawa a watan Agusta, ana tsakiyar damina, na zaɓo jan katako mai kaurin inci 1 da faɗin inci 12. A Lahadi biyu na gama. Na goge da samfefa, na shafa fenti, na jera littattafai, mahaifiyata ta sa mini albarka har da hawaye.

Da hunturu ya shigo a Disamba, sai na fara jin wata 'yar ƙara cikin dare. Kafin Janairu ya ƙare katakan sun kantare, ƙusoshi sun saki, wata safiya hawa na sama ya zube gaba ɗaya. Littafin da Baba ya fi yawan rubutu a cikinsa ya yage daga tsakiya. Har yau akwai shafi biyu da ban iya haɗa layukansu ba.

Na ɗauki katako ɗaya na kai wa dattijon nan. Ya juya shi, ya dubi bakinsa, ya ce, "Ɗana, yaushe ka saya?" Na ce, "Da damina, Baba." Ya ce, "To ai ɗanye ka buga wa ƙusa."

Ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini bayani. Galibin katakon da ake sayarwa a Kano daga dazuzzukan Kudu ake kawo shi, ɗauke da ruwa a jikinsa. Idan iskar hunturu ta zuƙe ruwan, katako yana tsukewa ta faɗinsa, amma tsawonsa kusan ba ya canzawa, har mai inci 12 yakan iya rasa kusan rabin inci. Idan an riga an ɗaure shi da ƙusa, to ko dai ya tsage ko ya tumɓuke ƙusar. Maganin shi ne a jera katakan a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa, a sa siraran sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, sannan a jira. Ya kuma nuna mini kuskurena na biyu: na bar tsawon ƙafa 5 ba tokari, alhali littafi nauyi gare shi, bai kamata hawa ya wuce ƙafa 3 ba. Na uku, na dogara da ƙusa kaɗai, maimakon in sassaƙa gurbi a katakon gefe inda bakin kowane hawa zai shiga ya zauna. Ya ƙara da cewa masassaƙan da ke yin turmi da ƙirya da allo da aduwa sun san halin icce tun kafin zuwan injin yanka.

Na ce, "Baba, wallahi niyyata mai kyau ce." Ya yi murmushi ya ce, "Ban musa ba. Amma katako bai san niyya ba."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a zuci. Mu matasa mun saba jin cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne a wajen tarbiyya. Abin da ban sani ba shi ne, ɗanyen icce ba a ɗora masa kaya. Na tuna sau nawa na karanta mas'ala ɗaya da dare, da safe na watsa ta a WhatsApp kamar na ƙware, wani kuma ya ɗauka ya yi aiki da ita. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, kafinta ne, don haka ban ƙara raina sana'ar da na zaci kallo kawai ya isa a koye ta ba.

Na sake sayen katako, na jera shi a zaure kamar yadda aka koya mini, ya yi hunturu guda cur yana shan iska. Littattafan suka koma kwali, amma a kan bulo. A watan Maris na 2025 muka haɗa sabuwar kanta a shagon dattijon, shi yana auna mini, ni ina yankawa. Ta ga damina, ta ga hunturu, ba ta motsa ba. Littafin da ya yage kuwa yana hawa na tsakiya, inda idona ke fara sauka duk lokacin da na shiga ɗakin.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba mu haƙurin koyo kafin koyarwa. Wassalamu alaikum.