Ni da Kuntigin Ɗan Maraya

An haife ni a Dutse Uku, wata unguwa mai duwatsu a cikin garin Jos, kusa da Nasarawa Gwom da Unguwar Rukuba. Mu Afizere ne. A gida muna magana da harshen Izere, a makaranta muna karatu da Turanci, a kasuwa da tashar mota kuwa Hausa ake yi. Tun kafin in fara koyon Hausa a aji na san daɗinta, kuma a bakin wani mawaƙi na fara jin daɗin nan, wato Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos.

Mahaifina direban babbar mota ne, yana jigilar kaya tsakanin Jos da Bauchi. Yana da wata tsohuwar rikoda da kwali guda cike da kaset. Duk ranar da ya dawo daga tafiya, sai ya yi wanka, ya ci abinci, ya fito da kujera tsakar gida, ya kunna Ɗan Maraya. Ni kuma in zauna kusa da ƙafarsa ina saurare. Idan na ji kalmar da ban gane ba, sai in tambaye shi, ya fassara mini. Ta haka na san ma'anar "maraya" da "gulma" da "haƙuri" tun ban iya rubuta su ba.

Shi ne kuma ya ba ni tarihin mawaƙin. An haifi Ɗan Maraya a Bukuru a shekarar 1946. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, shi ya sa ake kiransa da wannan suna. Abin kiɗansa kuntigi ne, wato ƙaramin gwangwani da aka rufe da fatar akuya, aka sa masa ɗan sanda da tsirkiya ɗaya tak. Shi kaɗai yake kiɗansa yana waƙarsa. Mawaƙa da yawa sarakuna da attajirai suke wasawa. Shi kuwa ya fi mayar da hankali ga talakawa da zaman duniya, kamar yadda ake ji a waƙoƙinsa irin su "Karen Mota" da "Jawabin Aure" da "Mai Akwai da Babu".

Idan rikodar ta lalace, akwai wani dattijo Bahaushe maƙwabcinmu, mai gyaran rediyo, wanda yake gyara mana ita. Sau da yawa ba ya karɓar ko kwabo. Ladansa kawai shi ne a bar shi ya saurari kaset ɗaya tare da Baba. Bayan rikicin da ya auku a Jos a watan Janairun 2010, maƙwabta da yawa suka tashi, kowa ya koma inda ya ga hankalinsa zai kwanta. Dattijon nan ma ya tashi. Da rikodar ta sake lalacewa, Baba ya ƙi kai ta wurin kowa. Ya ɗora ta a kan kabad, ƙura ta rufe ta.

Da na shiga babbar sakandare, sai yayana ya ba ni tsohuwar wayarsa. Abin da na fara yi shi ne na je kasuwar Taminus, wurin masu tura waƙa a waya, aka cika mini memori da waƙoƙin Ɗan Maraya. Amma ban gaya wa kowa ba, domin na san abin da abokaina suke so. Su P-Square da M.I da Ice Prince suke ji, kuma suna alfahari da cewa duk a Jos waɗannan mawaƙa suka tashi. Ni ma ina son su. Sai dai idan na kaɗaita, kuntigi nake nema. Kullum nakan sa iyafis a kunne, in rage sauti, kamar mai aikata laifi.

Wata ranar Asabar muka hau dutse da abokaina mu biyar, muna shan iska. Ina zaune a gefe ina sauraron wayata, sai igiyar iyafis ta maƙale a hannuna ta zare. Nan take muryar Ɗan Maraya ta fito fili. Aka yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Kai, ashe da kakanmu muke yawo!" Wani ya ɗauki gwangwanin madara a ƙasa yana kaɗawa da yatsa, yana kwaikwayon muryar. Daga ranar suka sa mini suna Tsoho.

Da na koma gida, kunya da haushi suka cika ni. Kafin in kwanta na goge waƙoƙin duka. Washegari na nuna wa abokaina wayar, na ce, "Yayana ne ya bar su a ciki, ni ban ma san da su ba." Ƙarya na yi. Sun yarda, ko kuma sun nuna kamar sun yarda, amma sunan Tsoho bai bar ni ba.

Ran 20 ga watan Yuni, 2015, Allah ya yi wa Ɗan Maraya rasuwa. Damina ce, ana yayyafi. Baba ya dawo gida da wuri, ya zauna a kujerarsa bai ce uffan ba. Can ya kira ni, ya ce, "Ɗana, yayanka ya gaya mini kana da waƙoƙin mutumin nan a wayarka. Sa mini 'Karen Mota' in ji."

Na sunkuyar da kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na ce, "Baba, na goge su."

Ya ce, "Me ya sa?"

Na ce, "Abokaina ne suke yi mini dariya."

Na zaci zai yi faɗa, amma bai yi ba. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke zuba daga kwano, sa'an nan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ya ce kafin ya zama direba, ya yi shekaru yana yaron mota. Shi ne mai loda kaya, mai sa waji a ƙarƙashin taya idan mota ta tsaya a hawa, mai kwana a ƙarƙashin mota cikin sanyin Jos yana gadi. Mutane suna kiransu karnukan mota, ba mai ganinsu da daraja. Ya ce, "Ranar da na fara jin waƙar nan a tasha, na tsaya cik. Ashe akwai wanda ya san da mu a duniya, har ya sa mu a rediyo." Ya ƙara da cewa, "Da kuɗin wannan aiki aka gina ɗakin da kake kwana."

A daren nan ban yi barcin kirki ba. Na gane cewa abin da na goge don gudun dariyar minti biyar ya fi ƙarfin waƙa, domin tarihin mahaifina yana ciki, da zamansa da maƙwabcin da ya rasa.

Ran Litinin, bayan an tashi daga makaranta, na tafi Taminus da kuɗin abincina na kwana biyu, aka mayar mini da waƙoƙin. Da dare na ajiye wayar a kan kujerar Baba, na kunna. Ya rufe ido yana kaɗa ƙafa. Da waƙar ta ƙare, ya ce in sake.

Bayan haka na daina ɓoyewa. Da muka sake hawa dutse, ni da kaina na cire iyafis na ƙara sauti. Aka yi dariya kamar da. Na ce, "Ku yi ta dariya. Mutumin nan ɗan Jos ne kamar su M.I, kuma ya riga su kai sunan garin nan nesa, da tsirkiya ɗaya." Biyu daga cikinsu suka ci gaba da tsokana. Amma a hanyar gida, wanda ya kaɗa gwangwanin madara ya matso kusa da ni, ya rage murya, ya ce, "Tsoho, ka tura mini 'Jawabin Aure'. Mamata tana sonta." Na dube shi, na ce, "Mamarka ko kai?" Ya yi murmushi bai amsa ba.

Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Ba dole ne abokina ya so abin da nake so ba, ni ma ba dole ne in ji kunyar abin da ya rene ni ba. Har yau ina jin waƙoƙin zamani, ina kuma jin kuntigi, kuma har yau abokan nan Tsoho suke kirana. Yanzu idan sun kira, amsawa nake yi.

Rikodar Baba tana nan a kan kabad. Kwanan baya na goge mata ƙura, na tambayi Baba ko zai yarda mu nemi unguwar da dattijon nan ya koma, mu kai masa ita. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce in ɗauko kwalin kaset ɗin ma.